Takardun hannun jarin banki da muka tarar a akwatin marigayi Baba

ɗan_Gangare:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda ya san harkar banki ciki da waje ya ba ni haske, don maganar ta fara jawo 'yar tsama tsakanina da 'yan'uwana.

Mahaifinmu ya rasu bayan Babbar Sallah. Da aka share makoki muka zauna gaban Baffa, ƙaninsa, aka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gida da na rumfarsa ta Farin Gada a Jos. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin rasiɗan haraji da katin asibitin Hajiya, sai ga wani ambulan ruwan ƙasa ɗaure da zare. A ciki akwai takardun shaidar hannun jari guda uku. Biyu suna ɗauke da sunan First Bank of Nigeria Plc, ɗaya daga cikinsu ta 2007 ce. Ta ukun ta tsufa har ta yi ja, gara ta ɗan taɓa gefenta, sunan da ke samanta kuma Standard Bank Nigeria Limited ne. Akwai kuma wasu dogayen takardu masu kama da cek, kowace da 'yan kuɗi a rubuce, babu wadda aka kai banki. Sai littafin ajiya na First Bank ɗin, wanda duk shiga da fitar da ke ciki da biro aka rubuta.

Baba bai taɓa ce mana yana da irin wannan ba. Abin da muka sani, yana saurayi ya yi malamin awo a wani kamfanin kuza a Bukuru. Da harkar kuza ta durƙushe ya koma ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos yana sayarwa buhu-buhu. Mutum ne da ba ya son zancen kuɗi a gida. Hajiya ta ce ta tuna lokacin da ake kawo masa wasiƙu daga akwatin gidan waya, ya duba, ya ninke, ya sa a aljihun 'yar shara, shi ke nan. Akwatin gidan wayar ma ba wanda ya san rabon da a biya kuɗinsa.

Yanzu ga inda aka rabu. Yaya babba ya ce ita ta Standard ɗin matacciya ce, don shi duk yawonsa a titin Ahmadu Bello bai taɓa ganin banki mai wannan suna ba, a jefa ta shara. Sauran biyun kuma a kai reshe a karɓo kuɗin a zuba cikin gado a raba, kowa ya kama gabansa. Ƙanwarmu da ke aure a Rikkos ta ce ita ba ta yarda a sayar ba, abin da Baba ya riƙe shekara da shekaru bai saki ba akwai dalili. Mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu. Ni ne wanda ya ɗan yi boko mai nisa, saboda haka aka ɗora mini ambulan ɗin, kamar ni na san abin da ke ciki.

To ina tambaya: ita wannan ta Standard ta mutu da gaske? Sauran ta ina ake bi a karɓa? Sannan shi kansa bankin na waye yanzu? Don na sha jin a rediyo manya suna rigima a kansa, har an ce an sake masa suna. Idan gida ne da ke shirin ruftawa gara mu cire namu tun da wuri.

Maman_Ummi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Ɗan'uwa, ni ba masaniya ba ce, amma don Allah kada ku jefar da ko da takarda ɗaya. Lokacin da surukina ya rasu haka muka tarar da irinsu. Wasu na wani banki ne da ya riga ya nutse, waɗannan kam ko sisi ba a samu ba. Amma wasu na kamfanin da ke raye ne, kuma abin da ya fito ya ishi a yi wa gidan sabon kwano. Abin da ya fi ba mu wahala sunan mamacin ne, a wata takarda an rubuta shi haka, a wata daban. Ka duba naku tun yanzu. Kuma ka ɗauki hoton kowace da waya kafin ta fita daga hannunka.

Tsohon_Akawu:

Allah ya gafarta wa malam. Ɗana, ka gaida Yayanku, ka ce masa wannan takardar da yake so a kai shara wataƙila ita ce mafi tsoka a cikin ukun. Na yi aikin banki har na yi ritaya, ba a wannan bankin ba, amma tun ina yaro a Jos nake wucewa ta ƙofarsa. Standard Bank Nigeria da First Bank abu ɗaya ne.

Ga yadda aka yi. A 1894 wani attajirin jiragen ruwa na Libaful, Alfred Jones, mai kamfanin Elder Dempster, ya kafa Bank of British West Africa. Ya gaji harkar wani ƙaramin banki ne da ya fara aiki a Legas a 1892 bai jima ba ya janye. Babban aikinsa a farko shigo da tsabar kuɗin azurfa daga Ingila da rarraba su, kuma da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912 shi ne wakilinta. Wato kafin a yi Babban Bankin Najeriya, wanda sai a 1959 ya fara aiki, wannan bankin ne ke riƙe da kuɗin gwamnatin Turawa. Kuza ce ta jawo bankuna Jos. Kamfanonin haƙa suna da leburori dubbai da ake biya da tsaba, dole a sami inda za a ajiye sulallan a kuma ɗebo. Saboda haka ban yi mamaki ba da ka ce Baba ya yi malamin awo a Bukuru. Irinsu ne 'yan ƙasa na farko-farko da suka saba da shiga banki ba tare da fargaba ba.

A 1957, ana jin ƙamshin 'yancin kai, aka cire British daga sunan, ya koma Bank of West Africa. A tsakiyar shekarun 1960 Standard Bank na Landan ya saye shi. Da dokar kamfanoni ta 1968 ta tilasta wa kamfanonin waje yin rajista a nan, a 1969 aka yi wa ɓangaren Najeriya rajista da sunan da ka gani a takardar nan. A 1971 aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Legas. Daga nan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa Turawa suka yi ta sakin kasonsu, ma'aikata da 'yan kasuwa irin Baba suka saya. Sunan First Bank sai a 1979 ya zo, Plc ɗin kuma a 1991. Ka ga ke nan takardarku ta shekarun 1970 ce.

Abin da ya sa na ce ta fi tsoka: bankin ya sha ba masu hannun jari kyautar ƙarin hannun jari, a ce duk mai kaza an ƙara masa ɗaya. Kyautar tana hawa kan kyauta. Wanda ya saya tun kafin 1979 bai sayar ba, adadin da ke rubuce a takardarsa ba shi ne abin da ya mallaka yau ba. Ainihin lissafin yana wurin rajistara, wato kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarin. Kada dai ka je ka ce wa 'yan'uwanka an yi arziki, don kuɗin wancan zamani ƙanana ne, wataƙila hannun jari ɗari biyu ko uku ya saya. A bari a ga lissafi tukuna.

Ita kuwa ta 2007, wannan shekarar kowa ya sayi hannun jarin banki, har masu shayi da 'yan acaɓa. Bayan da Soludo, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, sai kasuwa ta haukace. Ana bin mutane har rumfa da fom. A 2008 farashi ya rikito, da yawa suka yi fushi suka jefa takardun a durowa ba su sake waiwaya ba. Ina zaton abin da ya sami Baba ke nan, shi ya sa bai kai waɗancan dogayen takardun banki ba. Su ne takardun rabon riba na shekara-shekara. Yanzu ba za a karɓe su a kanta ba, wa'adinsu ya wuce, amma kuɗin bai zama na kowa ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta kai shekara 6 ba a karɓa ba ana mayar da ita wani asusun amana na gwamnatin tarayya, mai haƙƙi kuma yana iya nema. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari tana da shafi a intanet da ake sa suna a ga ko mutum yana da ribar da bai karɓa ba. Ka gwada da duk yadda ake rubuta sunan Baba.

Batun sake suna da ka ji, gaskiya ne, amma ba abin tsoro ba ne. A 2010 Babban Banki ya hana banki ɗaya ya haɗa komai a cikinsa, ajiya da inshora da sauran harkoki. Sai a 2012 aka kafa uwar kamfani, FBN Holdings, bankin ya koma ƙarƙashinta, aka musanya wa kowa hannun jarinsa ɗaya da ɗaya. A 2025 uwar kamfanin ta koma First HoldCo. Saboda haka abin da Baba ya bari yau hannun jarin First HoldCo ne, ko da babu takardar da ta faɗi haka a akwatinsa.

Maganar a kai reshe a karɓo kuɗi, wannan ba haka take ba. Mai kanta ba shi da hurumi a kan hannun jari. Iyakacinsa ya gaya maka wane kamfani ne rajistara a yanzu. Kafin rajistara ta saurare ku sai kun kawo takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu mai ɗauke da sunayen waɗanda magada suka wakilta. Ku tabbata an lissafa hannun jarin da asusun ajiyar a cikinta, in ba haka ba sai kun sake komawa. Za ku buɗe asusun banki da sunan magada, ku nemi dillalin hannun jari mai lasisi ya buɗe muku asusun CSCS, wato asusun ajiye hannun jari, a mayar da takardun lissafin kwamfuta. Ka sa a ranka aikin watanni ne.

ɗan_Gangare:

Baba Akawu na gode, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa Baffa a waya, har ya ce ya tuna lokacin da ake ce wa bankin Standard. Maman Ummi, kin yi gaskiya, na duba: ɗaya Mohammed, ɗaya Muhammadu, ta Standard ɗin kuma an haɗa da sunan garinsu a ƙarshe irin na 'yan makarantar da.

Saura tambayata ta ƙarshe da ba a taɓa ba. Wa ke juya bankin? Yaya ya ce shi dalilinsa na a sayar ke nan, wai bankin da gwamnati ta taɓa korar shugabanninsa ba wurin barin dukiyar marayu ba ne.

Na_Wuse2:

Allah ya jiƙan Baba. Malam, a nan kam Yayanku bai yi ƙarya ba, an yi haka, kuma ni ina ganin ya kamata ka san labarin sosai kafin ku yanke.

Ranar 28 ga Afrilu 2021 hukumar daraktocin bankin ta sanar da cewa ta sauke manajan darakta, Adesola Adeduntan, ta naɗa mataimakinsa Gbenga Shobo. Washegari, 29 ga wata, Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya fito ya ce ba a nemi izininsu ba. Ya rushe hukumar daraktocin bankin da ta uwar kamfanin gaba ɗaya, ciki har da shugabanninsu, Ibukun Awosika da Oba Otudeko, ya mayar da Adeduntan kujerarsa, ya naɗa sababbin daraktoci. Dalilin da Babban Banki ya bayar shi ne tun 2016 yake ɗauke wa bankin kai a kan wasu ƙa'idoji saboda tarin bashin da ya ƙi biyuwa, kuma akwai basussukan da na cikin gida suka ci ba a bi sharuɗɗansu ba. Wannan shi ne ciwon da ya fi kashe bankuna a ƙasar nan. Ba ɗan fashi ba, ba mai POS ba: darakta ya ranta wa kamfaninsa kuɗin masu ajiya, ranar biya kuma shi ne zaune a kujerar da za a tambaya.

Daga nan aka shiga tseren wa ya fi kowa kaso. A ƙarshen 2021 jaridu sun yi ta lissafi tsakanin Femi Otedola da Tunde Hassan-Odukale. A 2023 wani kamfani mai alaƙa da Otudeko ya sake sayen kaso mai yawa, aka yi ta shiga kotu. A Janairun 2024 Otedola ya zama shugaban hukumar daraktocin uwar kamfani, a Afrilun shekarar kuma Adeduntan ya tafi, Olusegun Alebiosu ya hau.

Me ya sa wannan bankin ya fi sauran irin wannan rigima? A ganina don ba shi da uba ɗaya. Zenith kowa ya san Jim Ovia ne ya kafa shi. UBA tun haɗewar 2005 kowa ya san Tony Elumelu. Shi wannan Turawa suka kafa, suka saki, gwamnati ta riƙe kaso ta saki, aka bar shi a hannun masu hannun jari barjat, irin su Baba. Duk wanda ya tara kaso mai ɗan kauri sai ya ga kujerar a kusa take.

A takarda, ku ne masu bankin. Ana taron shekara-shekara, ku zaɓi daraktoci, ku amince da masu binciken kuɗi da ribar da za a raba. A zahiri ƙuri'a da yawan hannun jari ake ƙirga ta, ba da yawan kawuna ba. Duk 'yan Farin Gada da Katako su haɗu ba za su kai abin da mutum ɗaya ke ɗagawa da hannu ɗaya ba. Wanda zai iya taka wa manya burki Babban Banki ne kawai: shi ke amincewa da duk darakta kafin ya hau, shi ya ƙayyade wa manajan darakta shekarun da zai yi, wanda a 2010 aka sa 10, a 2023 aka mayar 12.

Ni da nawa ne zan sayar. Ba don bankin zai mutu gobe ba, a'a, sai don ba na son dukiyar da ba ni da bakin magana a kanta. Ga shi kuma tun Maris 2024 Babban Banki ya ce duk bankin da ke da lasisin ƙasa da ƙasa ya kai jarinsa naira biliyan 500, aka ba da wa'adin 31 ga Maris 2026. Duk lokacin da aka fitar da sababbin hannun jari, wanda bai ƙara kuɗi ba kasonsa raguwa yake yi.

Tsohon_Akawu:

Na Wuse ya kawo labarin daidai, amma akwai abin da nake so ɗana ya rarrabe, don shi ne gishirin maganar. A cikin ambulan ɗin nan Baba mutum biyu ne. A littafin ajiya shi mai ajiya ne, shi ne ke bin banki bashi. A takardun hannun jari kuwa shi mai banki ne. Idan abu ya lalace ba a yi wa waɗannan biyun hukunci ɗaya.

Ku tuna Agustan 2009. Sanusi Lamido Sanusi, wanda daga kujerar manajan daraktan First Bank ɗin nan aka ɗauke shi zuwa Babban Banki a watan Yunin shekarar, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420. A Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, ranar Litinin aka buɗe da sababbin sunaye, Mainstreet da Keystone da Enterprise. Mai ajiya ya je ya ciri kuɗinsa kamar ba a yi komai ba. Mai hannun jari kuwa takardarsa ta zama ta ƙunshe ƙosai. Haka aka yi da Skye a 2018 da ya koma Polaris. Ko da aka soke lasisin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC masu ajiya ta fara biya, har naira miliyan 5 ga kowane mutum, wanda kafin Mayun shekarar dubu 500 ne kacal. Masu hannun jari su ne na ƙarshe a layi, bayan masu ajiya da masu bin bashi, in an sami saura.

To a 2021 wane irin shiga tsakani aka yi? Kujeru aka karɓe, ba a taɓa hannun jarin kowa ba. Babban Banki yana lissafa wannan bankin cikin waɗanda in sun faɗi za su ja wasu, don haka ba ya jira abu ya ruɓe. Wannan bai zama lamuni ga farashi ba, yana hawa yana sauka, kuma akwai shekarun da ribar da aka raba 'yan kwabbai ne a kan kowane hannun jari. Amma ka ce wa Yaya korar daraktoci daban, mutuwar banki daban.

Abu_Hafsa:

Allah ya yi masa rahama. Ina ta karantawa ban ga wanda ya taɓo ɓangaren da ni ya fi damuna ba, kuma tunda gado ne na Musulmi ya kamata a faɗa. Bankin kasuwanci irin wannan kaso mafi girma na abin da yake samu daga kuɗin ruwa ne. Mai hannun jari kuma, kamar yadda Baba Akawu ya ce, mai banki ne. Malamai da yawa na wannan zamani ba su halatta riƙe hannun jarin irin waɗannan bankuna ba. Abin da na fi ji daga gare su shi ne a fita, a ɗauki uwar kuɗi, abin da ya hau a bayar ga mabuƙata, suna kafa hujja da aya ta 279 a Baƙara. Akwai kuma masu sassauci ga magada, suna cewa laifin bai bi dukiyar zuwa hannunsu ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Ku kai wa malamin da zai raba muku gadon tun kafin kuɗi su fito, don in sun riga sun shiga asusu kunne ba ya jin wa'azi sosai.

Kuma kada a zargi Baba. A zamanin da ya saya babu wani zaɓi, ko Bank of the North da ake ce wa namu da ruwa yake aiki. Jaiz sai a 2012 ya buɗe, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ƙanwar taku in tana son ta riƙe wani abu don tunawa da shi, Jaiz ma yana kasuwar hannun jari.

POS_Terminus:

Allah ya jiƙan Baba. Yaya, ni littafin ajiyar nan zan yi magana a kai, don kullum da irinsu nake kwana. Asusun da aka daina taɓawa tun zamanin biro ba shi da BVN, don BVN a 2014 aka fara. Yana nan a daskare. Ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ta ce asusun da ya shekara 10 a daskare ana kwashe abin da ke ciki zuwa wani asusu a Babban Bankin, amma magada suna iya nema ta hannun bankin. Shi wannan a reshe ake yi, ku tafi da takardar kotun da Baba Akawu ya faɗa. Kada dai ku sa rai da yawa. Abin da ya sayi buhun dankali goma a lokacin, yau ko kuɗin keke daga Gangare zuwa Farin Gada ba lallai ya biya ba.

Ni dai abin da zan ce a kan bankin, yanzu ba ginin ba ne bankin. Dattawan da ke zuwa rumfata cire fansho rabonsu da shiga reshe sun manta. Ko su danna *894# ko su ba ni kati. Firstmonie ɗinsu, wato wakilansu masu POS, har ƙauyukan Mangu za ka ga alamar. Rigimar manya a Legas ba ta taɓa hana ni ciniki ba. Abin da ya hana ni ciniki ƙarancin kuɗi ne na farkon 2023, lokacin da aka canja fasalin naira, muna sayen tsaba wurin masu gidan mai da 'yan tumatir, kuma wannan kowane banki ya shafa.

ɗan_Gangare:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Abu Hafsa, Baffa ya ce ranar Juma'a za mu kai wa liman maganar. Baba Akawu, tambaya ɗaya ta rage, don ita ce za ta kashe wutar gidanmu: dole ne sai an sayar gaba ɗaya, ko kuwa dole a bari gaba ɗaya? Yaya yana son kuɗinsa, yana da ginin da ya tsaya a linta. Ƙanwata kuma ta kafe.

Tsohon_Akawu:

Ba dole. Hannun jari yana rabuwa, ba gida ba ne da sai an sayar kafin kowa ya ga nasa. Idan rajistara ta haɗa takardun uku a suna ɗaya ta ba ku jimillar, malam ya fitar da tumunin iyayenku mata, sauran ya kasa muku yadda shari'a ta ce. Waɗanda kotu ta wakilta su rubuta wa dillali adadin kowa. Mai son riƙewa ya buɗe asusun CSCS da sunansa a tura masa nasa, mai son kuɗi a sayar da nasa a farashin ranar. Ɗan abin da ya ƙi kasuwa daidai a sayar a haɗa da kuɗin ribar da aka karɓo.

Batun Mohammed da Muhammadu, rantsuwa za ku yi a kotu cewa mutum ɗaya ne, ku yi ta rana ɗaya da neman takardar izinin don kada ku biya kuɗin mota sau biyu. Kuɗin kotu da na dillali daga cikin gadon za a cire kafin rabo, ku faɗa wa kowa tun yanzu a gaban Baffa. Sannan duk wanda ya tare ka a bakin banki ya ce zai saye takardun a hannu ya hutar da kai, ka ce masa ka gode. Kafin ka miƙa wa kowane dillali asalin takarda, duba sunan kamfaninsa a jerin masu rajista na SEC, kuma ka karɓi rasiɗi mai hatimi.